Mai kaza ya dawo yana neman kazarsa

Maman Ilham, Ɗorayi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah kada ku yi min dariya, magana ce a kan kaza, amma tun jiya ta hana ni sukuni.

Wata biyu da suka wuce surukata ta zo mana daga Bichi. Ranar sai ga wani yaro da ke yawo da kaji a keke ya tsaya a layinmu. Na zaɓi wata sagara wake-wake, ya ce dubu tara, na taya shida, ya ce albarka, muka ƙare a dubu bakwai da ɗari biyar. Na ƙirga masa a hannu, ya ce ya sallama, Allah ya sa albarka. Maƙwabciyata tana tsaye aka yi komai. Niyyata in yi wa Hajiya farfesu. To da aka ɗauko wuƙa sai autata Ilham, shekararta biyar, ta ƙanƙame kazar ta zauna a bakin rariya tana kuka har da shessheƙa. Hajiya ta ce ku bar wa kishiyata kazarta, ni ku sayo min kifi. Shi ke nan kaza ta tsira.

Tun daga ranar ta zama 'yar gida. Ilham ta sa mata suna Zabuwa saboda zanen jikinta. Kafin ta tafi makaranta sai ta watsa mata tsaki, in ta dawo ko takalmi ba ta cirewa sai ta leƙa bayan drom ɗin ruwa. Yarinyar da sai an yi dambe take cin tuwo, yanzu cinyewa take don ta samu ta kankare mata ƙanzo. Kazar ta yi ƙwai goma sha ɗaya, yau kwananta goma sha biyu tana kwanci.

Jiya bayan la'asar yaron nan ya yi sallama. Wai kazar ba tasa ba ce, ta kakarsa ce, kuskure aka yi ta shiga cikin na sayarwa, tsohuwar ta tayar masa da hankali. Ya miƙo min kuɗina har da ƙarin dubu ɗaya. Na ce maigidan ya yi tafiya sai Juma'a, ya dawo lokacin. Ilham ta ji, ko abincin dare ba ta ci ba. Ya zan yi? In mayar ko in hana?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ciniki ya faɗa. An taya, an sallama, an biya, ga shaida. Wata biyu fa, ba kwana biyu ba. Da kazar ta mutu a hannunki zai dawo miki da kuɗinki? To ki ce masa Allah ya ba da haƙuri.

Anti Rabi, Kurna:
Wai kuskure! Kaza ce za ta yi kuskure ta ɗaure ƙafarta ta hau keke? Ni dai ban yarda ba. Ko dai wani ya gaya masa ta yi ƙwai ya ga ya yi asara, ko kuma wani ya ba shi sautun kaza mai irin wannan kalar. Kun san masu zuwa wajen bokaye, yau a ce baƙar kaza, gobe jan zakara, jibi wake-wake, kuma ko nawa ne suna biya. In ba haka ba wane mai kaji ne zai ƙara miki dubu ɗaya daga aljihunsa?

Ummu Sudais:
Anti Rabi ki ji tsoron Allah, zato zunubi. Ba ki san yaron ba.

Anti Rabi, Kurna:
Ummu ban ce na san shi ba, na dai san kasuwa.

Sadiq Fagge:
Ikon Allah. Mutane na fama da kuɗin shinkafa mu muna nan muna shari'ar kaza. Hajiya ki yanka ta kowa ya huta, sabo da kaza ba ya hana yanka ta.

Maman Ilham, Ɗorayi:
Malam Sadiq in na yanka ta kai za ka zo ka kwana da kukan Ilham?

Alhaji Ɗanlami, Kwari:
Shekarata talatin da wani abu ina zaune a Kantin Kwari, bari in faɗi abin da na sani na kasuwa. Dawo da kaya ba baƙon abu ba ne. Mutum zai sayi bandir ya je gida matarsa ta ce ba wannan kalar ba, ya dawo. In ba a yanka ba, kuma muna mutunci, sai in karɓa. Amma alfarma ce nake yi masa, ba dole ba, kuma shi ma ya san haka, shi ya sa yake shigowa da "don Allah Alhaji". Abin da ban taɓa gani ba shi ne mai kaya ya bi mai saye har gida bayan wata biyu ya ce ba ni kayana. Wannan ko a tsakanin 'yan kasuwa abin kunya ne. Duk wanda ya yi haka, to ɗaya cikin biyu ne: ko mayaudari ne, ko kuma wuta ce ta kama shi a gida har kunyar ta fita daga idonsa. Ki lura da yaron, ya ya tsaya da yake magana? Yana kallon idonki ko ƙasa?

Maman Ilham, Ɗorayi:
Alhaji, ƙasa yake kallo. Yana ta murza hularsa a hannu. Kuɗin ma 'yan ɗari biyar-biyar ne da ɗari bibbiyu duk sun yamutse, kamar tattaro su aka yi.

Malam Habibu, Gwale:
Assalamu alaikum. Ina ganin an haɗa mas'aloli biyu wuri ɗaya, shi ya sa maganar ta ƙi warwaruwa.

Ta farko: idan kazar ta yaron ce ya sayar, yanzu kuma ya yi nadama. A mazhabarmu ta Malikiyya ciniki yana ƙulluwa da magana ko da masu cinikin ba su rabu ba, haka Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala. Don haka ba shi da ikon tilasta ki. Abin da yake roƙo shi ake kira iƙala, wato a warware ciniki da yardar ɓangarori biyu. Abu ne mai lada, akwai hadisi a Abu Dawud da Ibn Majah cewa wanda ya yi wa musulmi iƙala, Allah zai yafe masa tuntuɓensa. Amma mustahabbi ne, in kin ƙi ba ki yi laifi ba.

Ta biyu ita ce mai nauyi, kuma ita ce yaron ya faɗa: cewa kazar ba tasa ba ce. Wanda ya sayar da kayan wani ba da izini ba, malamai suna kiran wannan cinikin fuduli, mu ce cinikin katsalandan. A Mukhtasar na Khalil hukuncinsa a rataye yake a kan yardar mai kaya. In mai kaya ya amince ciniki ya zauna, kuɗin nasa ne. In ya ƙi, kayansa ya koma masa, mai saye kuma ya bi wanda ya sayar masa ya karɓi kuɗinsa. Daga cikin abin da ake kafa hujja da shi akwai ƙissar Urwatul Bariƙi a Bukhari, wanda Annabi (SAW) ya ba shi dinari ɗaya ya sayo akuya, ya sayo biyu, ya sayar da ɗaya da dinari, ya dawo da akuya da dinari, Annabi (SAW) ya sa masa albarka.

Saboda haka Baban Khalifa, "ciniki ya faɗa" gaskiya ne, amma sai in mai kaya ne ya kayar da shi. Sai dai faɗar yaron kaɗai ba ta isa ba, hujja tana kan mai da'awa. Maman Ilham, maganarki ba da yaron take ba, da tsohuwar take. Ki neme ta.

Baban Khalifa:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi gyara. Amma in haka ne kowa ya sayar da abu ya ga ya yi daraja sai ya ƙirƙiro kaka. Ni ma na sayar da babur bara, bari in je in ce na kakata ne.

Malam Habibu, Gwale:
Shi ya sa na ce a je a ga kakar, Alhaji. Kaka ba a ɓoye ta a aljihu.

Injiniya Mus'ab:
A kai maganar wajen mai unguwa ko ofishin Hisbah kawai, su suka saba sulhu irin wannan.

Hajiya Binta, Gyaɗi-Gyaɗi:
Haba Injiniya, a kan kaza ɗaya? Kuɗin adaidaita sahu da za a kashe zuwa da dawowa ya kusa rabin kuɗinta. Kuma daga ranar da ka kai maƙwabci gaban hukuma, ko an sasanta, gaisuwa ta canja. A bar wannan sai in magana ta ƙi.

Ni abin da nake so in ja hankalinku, kowa na maganar kaza, ba wanda ya yi maganar yarinyar. Mu Hausawa mun ɗauka yaro ba ya baƙin ciki, in ya yi kuka a ba shi alawa. Ina 'yar shekara bakwai a gidanmu na Yakasai ina da ɗan akuya da nake ba shi dusa da hannuna. Wata rana na dawo daga makarantar allo na tarar da igiyarsa kawai a turke. An sayar, ba wanda ya gaya min. Yau na aurar da 'ya'ya huɗu amma igiyar nan shuɗiya ina ganinta. Ba sayarwar ce ta yi min ciwo ba, ɓoyewar ce. Don Allah duk abin da kuka yanke, kada a ɗauke kazar nan Ilham tana makaranta a ce mata shirwa ce ta ɗauka ko muzuru. A zaunar da ita a gaya mata.

Ummu Sudais:
Wallahi Hajiya kin taɓo wuri. Ai ko Annabi (SAW) bai raina irin wannan ba. Ƙanin Anas ɗan Malik, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, da tsuntsun ya mutu yaron ya shiga damuwa, Annabi (SAW) da kansa yake tambayarsa, ya Abu Umair, me ɗan tsuntsun nan ya yi? Asalinsa yana cikin Bukhari da Muslim, maganar mutuwar tsuntsun kuma tana cikin Abu Dawud.

Sadiq Fagge:
To amma fa a kula. In aka koya wa yarinya cewa kuka yana hana a mayar wa mutane haƙƙinsu, gobe ba kaza za ta riƙe ba.

Hajiya Binta, Gyaɗi-Gyaɗi:
Wa ya ce a hana haƙƙi? Cewa na yi kada a yi mata ƙarya. Ka dinga karantawa har ƙarshe, ɗana.

Nura Mai Kaji, Tarauni:
Ni sana'ata ce, bari in yi maganar kazar ita kanta. Ko da an tabbatar ta tsohuwar ce, yanzu ba lokacin ɗaga ta ba ne. Kaza kwana 21 take kwanci. Tana kwana 12, saura tara. In kika ɗauke ta kika canja mata gida, mafi yawanci ba za ta koma kan ƙwan ba, za ta tashi tana neman tsohon wurinta, ƙwai ya huce, 'yan tsakin da suka fara haɗuwa su mutu a ciki. Kin ga an yi biyu babu, ke ba ki samu ba, tsohuwa ba ta samu ba. Balle a ce a keke za a ɗauki ƙwan a hanyar Ɗorayi.

In kina so ki san abin da ke ciki, da daddare ki ɗauki ƙwai ɗaya-ɗaya ki haska shi da fitilar waya a ɗaki mai duhu. Mai ɗa za ki ga duhu da jijiyoyi ja-ja, wanda ba komai za ki ga haske ya ratsa shi fes. Ki yi da sauri ki mayar. Daga kwana 18 kuma kada ki sake taɓawa.

Sai abu na biyu. Ki tambayi yaron ko an yi mutuwar kaji a gidansu. Hunturun nan cutar nan da likitocin dabbobi ke kira Newcastle tana share akurki, wadda kaza za ta yi ta zawo kore-kore, ta sauke fukafukai, wata ta murɗe wuya. Ba ta da magani, rigakafi kawai, ko Lasota ko I-2 da ake yi a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, jihar Filato. In ta shiga gidansu, mayar da kazar can yanzu kamar kai ta mahauta ne.

Maman Ilham, Ɗorayi:
Malam Nura na gode. Na haska yanzu, tara suna da duhu, biyu fes. Ilham ce ta riƙe min wayar.

Anti Rabi, Kurna:
Tsaya ma tukuna. Kin ce kaza ɗaya gare ki. To zakaran wa ya yi aikin?

Maman Ilham, Ɗorayi:
Na maƙwabciyata ne, ta katanga yake tsallakowa.

Baban Khalifa:
Shi ke nan, masu gado sun ƙaru. Kada maƙwabciyar ta ga wannan hirar, ita ma za ta kawo tata da'awar.

Sadiq Fagge:
A kira Malam Habibu ya raba: sumuni na zakara.

Malam Habibu, Gwale:
Ku dai ku ji tsoron Allah. Ɗan dabba uwarsa yake bi, zakara ba shi da kaso.

Maman Ilham, Ɗorayi:
Assalamu alaikum, na dawo da bayani. Abban Ilham ya dawo ranar Juma'a, na karanta masa duk abin da kuka rubuta. Ya ce maganar Malam Habibu ita ce magana. Jiya Asabar da yaron ya zo, Abbansu ya ce masa ba kuɗi muke so ba, kai mu wajen kakar taka. Ya yi shiru ya fi minti ɗaya, sannan ya ce to. Muka tafi har da Ilham, kamar yadda Hajiya Binta ta ce, ban ɓoye mata komai ba.

Gidan yana can ciki wajen Ja'en, gidan ƙasa, ɗaki biyu. Akwai kaka, Anti Rabi. Tsohuwa ce tukuf, idonta ɗaya ya yi yana, tana zaune a tabarma tana tsince wake. A gefen ɗakinta ga akurki na laka babba, bakinsa a buɗe, ba ko kaza ɗaya. Abin da Malam Nura ya faɗa ne, cuta ta shiga ta kwashe mata guda takwas cikin sati ɗaya.

Ashe ba kuskure ba ne. Lokacin tsohuwar tana kwance a asibiti, aka rubuta magani, ba kuɗi, yaron ya kama guda biyu cikin kajinta ya haɗa da nasa ya sayar, bai gaya mata ba. Da ta dawo ta ƙirga ta ga ba su cika ba, ya ce mata ɓata suka yi. Sai da sauran suka mutu tana ta kuka tana cewa iri ya ƙare, irin da ta taho da shi daga Ɗanbatta tun tana amarya, sannan ya kasa daurewa ya faɗa mata gaskiya. Ɗayar an riga an cinye ta. Tamu ce kaɗai ta rage. A gabanmu ta ce masa, kai da ka ce min don magani ne ai da ni zan ce ka kama. Yaron sai hawaye.

Abbansu ya ce, Iya, kaza taki ce, in kin ce a kawo, gobe za a kawo, sai dai tana kwanci. Ta ce kwana nawa? Na ce yau sha shida. Ta ce a'a, wa yake tayar da mai kwanci? Sai ta jawo Ilham ta ce ke ce kika hana a yanka min kaza? Ilham ta ɓuya a bayana ta ɗaga kai. Tsohuwar ta ce to da ba don kukanki ba ai da tuni an yi miya da ita. Ta ce ta bar mata uwar, kuɗin da yaron ya karɓa ai cikinta suka shiga, ta yafe. Amma in an ƙyanƙyashe tana so a ba ta mata biyu da namiji ɗaya ta mayar da iri. Muka ce mun yarda. Mun ƙi karɓar kuɗin yaron, ashe ma rance ya yi ya haɗa.

Anti Rabi, Kurna:
Innalillahi. Na ci haƙƙin yaron nan, Allah ya yafe min. In kin gan shi ki ce wata a Kurna tana neman afuwa.

Malam Habibu, Gwale:
Alhamdu lillahi. Tunda mai kaya ta amince, ciniki ya zauna, kaza ta Ilham ce halak malak. 'Yan tsaki ukun kuma alkawari ne, a cika.

Baban Khalifa:
Madalla. Amma ni har yanzu ina nan a kan bakana ta wani ɓangaren. An dace ne aka samu tsohuwar kirki da yaro mai kunya. Sau nawa ake zuwa da irin wannan labarin a ƙarshe ka tarar ba kaka ba kakan kaka? Kuma yaron ya yi ƙarya sau biyu, ya ce mata ɓata suka yi, ya ce miki kuskure ne. Kada tausayi ya sa a manta da wannan.

Alhaji Ɗanlami, Kwari:
Ba a manta ba. Amma wanda ya ci rance ya bi kaza wata biyu don ya gyara ƙaryarsa, ni zan iya ba shi jiran shago.

Nura Mai Kaji, Tarauni:
Hajiya kada ki kai su da wuri. Ki bari su yi kamar sati shida zuwa takwas tare da uwar, lokacin ne ma za ki iya bambance mace da namiji da kyau, ki ga wanda tukkunsa ya fara ja. A yi musu rigakafi kafin su tafi. Akurkin Iya kuma a share shi tas, a ƙone tsohuwar shara, a zuba toka ko farar ƙasa, a bar shi ya sha rana. In yaron zai biyo ta Tarauni ya neme ni, in na buɗe kwalbar rigakafi zan ɗiba masa, ai ba a ajiye ta in an haɗa.

Maman Ilham, Ɗorayi:
An ƙyanƙyashe daren jiya zuwa safiyar yau. Takwas suka fito, ɗaya ya mutu a cikin ɓawo, biyun nan fes ɗin na zubar. Huɗu wake-wake kamar uwar, uku ja, ɗaya baƙi. Na kifa musu kwando saboda shirwa. Ilham ta ƙi tafiya makaranta sai da Abbanta ya ɗaga murya. Ta riga ta zaɓi na Iya, wai jajayen ukun, saboda masu kama da Zabuwa nata ne.

Hajiya Binta, Gyaɗi-Gyaɗi:
Ki gaya wa 'yar nan Iya irin wake-waken take nema, jajayen ai na zakaran maƙwabta ne.

Maman Ilham, Ɗorayi:
Na gaya mata Hajiya. Ta ce to a ba Iya wake-wake ɗaya da ja biyu. Muna nan muna ciniki, na taya biyu ta ce albarka.